Yadda za a tsare hannu daga hasken radiyo a lokacin aiki da amfili

A kan allon amfili, na'urar da ke nuna ƙashi da hasken radiyo (hasken ɗaukar hoton ƙashi) ana cikin fiɗa, ƙashin cinya ya fito sarai, ƙusar ƙarfe na cikinsa, ramuka biyu na ƙasa suna jiran sukuru. Can a gefen hoton kuma ga wasu ƙananan ƙasusuwa a jere, siraran gaɓoɓi, sun kama wani abu mai tsini. Yatsun mai aikin ne. Duk wanda ya daɗe a ɗakin fiɗar ƙashi ya san irin wannan hoto, har idonsa ya saba ya daina lura. Amma duk daƙiƙar da ƙashin yatsa ya bayyana a allo, hannun yana cikin gundarin haske, wato wanda ke fitowa kai tsaye daga na'ura, kuma abin da yake sha a nan yana iya ninka na gefe sau ɗari ko fiye.

A Maraɗi aikin ƙashi ba ya yankewa. Haɗarin kabu-kabu a cikin gari, na manyan motoci a hanyar Yamai zuwa Damagaram, na hanyar Ɗan Isa zuwa iyaka, duk kan teburin fiɗa suke ƙarewa. Likitan fiɗa da mataimakinsa, malamin jinya mai miƙa kayan aiki, ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo da aka ce ya ja ƙafa ya riƙe, kowa ya sa rigar dalma ta rufe masa ƙirji da ciki. Hannu kuwa yana waje, kuma shi ne mafi kusa da haske.

Tun farkon sana'ar hannu ne ya fara biyan kuɗin. Wilhelm Rontgen ya gano hasken a Jamus a 1895, hoton da ya bazu a duniya kuwa na hannun matarsa ne da zobe a yatsa. Kafin shekara goma ta cika, Clarence Dally, mai taimakon Thomas Edison a Amurka, wanda ke gwada na'ura a kan hannuwansa, ya rasa hannayen biyu, ya rasu a 1904. Na'urorin yau sun fi na wancan zamani tsaro nesa ba kusa ba, fatar yatsa kuwa tana nan yadda take.

Ina haske yake, ina ba ya

Amfili yana da kai biyu a kan ƙarfe mai siffar harafin C. Ƙaramin kan shi ne tub, daga nan haske ke fitowa. Babban, mai kama da ganga, shi ke karɓar hoto. Faɗinsa yawanci santimita 23 ne, wasu 31, sababbin na'urori kuma faranti ne mai kusurwa huɗu. Haske yana barin tub a tsuke, yana buɗewa kamar mazurari har ya cika fuskar ganga. Wannan mazurarin shi ne gundarin haske. Ido ba ya ganinsa, fata ba ta jin ɗuminsa, don haka dole mai aiki ya zana shi a zuci tun kafin a taka feda, abin takawar da ke kunna haske.

Ƙarfinsa ba ɗaya ba ne a duk tsawonsa. Tsakanin tub da majinyaci yana da cikakken ƙarfi. Jikin babban mutum yana shanye mafi yawansa, abin da ke fita ta ɗaya gefen bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari ba. Hannun da ya shiga ta wajen tub da wanda ya shiga ta wajen ganga duk sun shiga haske, amma tsakaninsu akwai ninki ashirin zuwa ɗari. A kula, wannan rangwame na ciki ne da ƙugu da cinya mai kauri. Wuyan hannun yaro ba ya tare abin kirki. A nan gaba da baya kusan ɗaya suke.

Sai kuma hasken da ke fantsama. Idan gundarin ya bugi jiki, wani ɓangare yana tarwatsewa ko'ina cikin ɗaki, kamar ruwan famfo da ya faɗi kan siminti. Mafi yawansa baya yake komawa, wajen da tub yake. Majinyaci ne tushen wannan fantsami. A nisan mita ɗaya, ƙarfinsa kusan kashi ɗaya cikin dubu ne na abin da ke shiga fatar majinyaci. Idan ka ninka nisa, ya ragu zuwa rubu'i. Idan ka ninka sau uku, zuwa kashi ɗaya cikin tara. Dab da jiki lissafin ba ya tafiya daidai haka, amma ma'anarsa tana nan: taƙi ɗaya na ja da baya yana aiki, kamu ɗaya ya fi. Da an ɗaga ƙafa daga feda kuma, komai ya ɗauke nan take. Ba ya saura a iska, ba ya maƙale wa tufafi, ba a wanke shi da sabulu. Madarar da ake cewa a sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma ba ta cire ko ɗigo na abin da fata ta riga ta sha.

Abin da lissafi ya nuna

Ana auna abin da jiki ya sha da milisibat, a rubuce mSv. Na'ura kuma tana nuna abin da ta fitar da miligire, mGy; ga hasken radiyo a kan fata, lambobin biyu daidai suke tafiya. Iyakar da hukumar ƙasa da ƙasa ta kare mutane daga haskoki ta tsayar, wadda hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ɗauka, ita ce mSv 500 a shekara ga hannu da fata. Na jiki gaba ɗaya 20 ne a shekara, bisa matsakaicin shekara biyar. Na ƙwayar ido an sauko da shi daga 150 zuwa 20 a 2011.

Ɗari biyar tana kama da lamba mai nisa, shi ya sa ake sakaci da ita. Mu ɗauki misali. A ce ana aiki a ƙugun babban mutum, na'ura tana zuba mGy 20 a minti a kan fatar da ke wajen tub, abin da ba baƙo ba ne. Hannun da ya tsaya a wurin ya cinye rabon shekararsa cikin minti 25. Ba wanda zai bar hannunsa minti 25 a jere, amma daƙiƙa goma a kowane aiki sun haura mSv 3, aiki 150 kuma sun kai iyaka. Aiki uku ke nan a mako. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Kuma iyakar tana duba wurin da ya fi shan haske ne, santimita ɗaya murabba'i na fata, ko da kan yatsa ɗaya ne tak.

Shirin da ake yi kafin a taka feda

Mafi yawan kariyar hannu ana samun ta ne tun majinyaci bai gama kwanciya ba.

A sa tub ƙarƙashin tebur, ganga a sama. Da haka hannun da ke aiki a saman jiki yana wajen da haske ya riga ya raunana, fantsami mai ƙarfi kuma ƙasa yake nufa, inda rigar dalma da labulen tebur ke tare shi. Ana yawan juya amfili, tub a sama, ganga ta zama teburin ɗora hannun majinyaci, musamman a karayar wuyan hannu. Yana da sauƙin aiki, amma ya sa yatsun likita tsakanin tub da majinyaci, ya kuma turo fantsami zuwa fuska. Idan dole ne a yi haka, to sharaɗin sakin hannu kafin kowane hoto ya ƙara tsanani. A hoton gefe kuwa, mai aiki ya tsaya wajen ganga, tub ya kasance a ɗaya gefen tebur. Hoton gefe da na karkace suna ratsa tsoka mai kauri, kuma kowane ƙarin santimita 3 zuwa 4 na tsoka yana kusan ninka abin da na'ura ke fitarwa.

A matso da ganga dab da jiki gwargwadon yadda aiki ya bari, a nesanta tub. Hoto ya fi fitowa, na'ura ta rage zubawa. Akwai ɗan mazubin roba a bakin tub da ke hana fata matsowa kusa. Sau da yawa ana cire shi don yana tokare tebur, a manta a mayar. A mayar da shi.

A tsuke haske. Kowace na'ura tana da ƙyamaren dalma a bakin tub, wani zagaye, wani faifai biyu masu matsowa, waɗanda a ɗakin fiɗa ake kira diyafaram. Idan ramin ƙusa ake nema, ba a bukatar ganin rabin cinya. Tsukewa tana ƙanƙanta mazurarin da hannu zai iya faɗawa, tana rage fantsami, tana kuma ƙara wa hoto tsabta. Na'urori da yawa suna barin a daidaita ƙyamaren a kan hoton ƙarshe da ya tsaya a allo, ba tare da an sake kunna haske ba. Kada a rikita tsukewa da ƙara girman hoto: a kan amfili mai ganga, sauka daga fili na 23 zuwa na 15 yana ninka ƙarfin haske sau biyu ko fiye.

A zaɓi haske mai walƙiya maimakon mai zuba babu tsayawa, a kuma sauko da yawan walƙiyar. Aikin ƙashi ba abu ne mai gudu ba. Walƙiya 8 a daƙiƙa ko ƙasa da haka ta isa, mafi yawan lokaci ma taki ɗaya na feda ya wadatar, a tsaya a kalli hoton da ya daskare. A danna maɓallin rabin doz, wato rabin ƙarfin haske, idan akwai. Feda mai baki biyu a san wanne ne na kallo, wanne ne na ɗaukar hoto mai ƙarfi, don na biyun yana iya ninka na farko sau goma. Wani abu da ya shafe mu a nan: idan wuta ta ɗauke aka koma kan janareta, na'urori da yawa suna tashi da saitinsu na asali, su watsar da wanda aka yi da safe. Ma'aikacin radiyo ya sake duba walƙiya da ƙyamare bayan kowace ɗaukewar wuta.

Sannan a rage hotunan lalube. A kunna fitilar leza ta saiti idan na'ura tana da ita. A zana layin karaya da wurin shiga a fata da alƙalami. A manna filasta a ƙasa inda ƙafafun amfili suke a hoton gaba da na gefe, don komawa wurin ya zama tafiya ɗaya maimakon hoto biyar.

Na ƙarshe a shirin shi ne magana. A yarda tun farko wa ke taka feda, da kalmar da za a faɗa. Likita ya ce "hoto", mai feda ya dubi fili, ya amsa "hannu", sai ya taka bayan ya ga yatsu sun fita. Ma'aikacin radiyo ko malamar jinya su sami izini a fili na cewa, "Likita, hannunka na ciki," ko da babban malami ne ke aiki. Kunya da girmama na gaba suna hana ƙarami faɗin wannan, don haka babban ne zai buɗe ƙofar da bakinsa: "Malam, in ka ga yatsana kada ka taka, ko na ce ka taka." Ƙararrawar da ke kaɗawa bayan minti biyar na haske kuma a faɗi yawan mintocin da ƙarfi kafin a kashe ta.

Kulle ƙusa ta ƙasa, daki-daki

A nan ne, wajen sa sukuru a ramukan ƙasa na ƙusa, yatsun likitan ƙashi suka fi shan haske, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Maƙeri ba ya kama jan ƙarfe da hannu, awartaki yake sawa. Awartakin ɗakin fiɗa shi ne hantsaki mai tsawo, irin Kocher na santimita 20 ko fiye.

Da farko a nemo ramin ba tare da hannun kowa a fili ba. A tallafe ƙafa da naɗaɗɗen zane ko teburin ja, a juya amfili har ramin ƙusa ya fito zagaye cif kamar kwabo. Muddin yana da siffar ƙwai, haske bai daidaita da rami ba, kuma duk hudar da aka yi za ta kauce. Na'ura ake juyawa, ba a cewa ɗalibi ya murɗa ƙafa ya riƙe ana haskawa. Idan rami ya zagaye, a kawo shi tsakiyar allo, a tsuke ƙyamare kewaye da shi.

Sai a kama wuƙa ko buroshi, wato siririyar sandar ƙarfe mai tsini, da hantsaki, a ɗora tsininsa a fata daga gefe, hannu yana wajen da'irar ganga. Taki ɗaya. Tsini ya yi gaba da rami? A matsa, a sake taki ɗaya. Idan ya hau tsakiya, a tsaga fata, a buɗa har ƙashi. A sa bakin injin huda a kan ƙashi a karkace, yadda jikin injin da hannun da ke riƙe da shi suna waje, tsinin kaɗai ke cikin hoto. Idan tsini ya zauna tsakiyar rami, a ɗaga ƙafa daga feda, sannan a miƙar da injin ya bi layin haske, a huda. Miƙarwar nan ita ce inda ake kuskure: injin da hannu biyu suna shiga gundarin haske, ƙarfen injin ya toshe hoto, na'ura ta ƙara ƙarfi don ta ratsa shi, mai aiki kuma yana ci gaba da takawa yana neman gani. Ba abin da za a gani a nan. A huda ɓawon ƙashi na farko a makance, a kwance bakin daga injin a bar shi tsaye a ƙashi, a janye hannu, a ɗauki hoto. Idan ya cika ramin, a mayar da injin a ƙarasa.

Haka tsarin yake a gyaran karaya ba tare da tsagawa ba. A ja, a daidaita, a tsayar da naɗin zane ko maratayar yatsu ko buhun yashi, a saki, a duba. Idan karayar ba ta tsayawa sai an riƙe, a riƙe daga nesa da ita, a tsuke haske har yatsu su fita daga da'ira.

Safar hannu mai dalma

Iri biyu ne. Akwai mai kauri, dalma milimita 0,25 zuwa 0,5, wadda ake sawa a ɗakin radiyo don riƙe majinyaci. Tana tarewa sosai, amma ba a fiɗa da ita. Akwai kuma siririya ta fiɗa, wadda aka cakuɗa robarta da dalma ko bismut ko tangistan. Wannan a aikace tana rage fantsami da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Lambar da ke jikin kwali takan fi haka don an auna ta a ƙaramin kilobolt, ma'aunin ƙarfin da haske ke ratsa jiki da shi. Da na'ura ta hau 90 ko 100 a kan mai jiki, kariyar ta ragu.

Matsalarta babba tana cikin gundarin haske. Amfili yana da tsarin da ke daidaita hasken hoto da kansa: in ya ga duhu, sai ya ƙara kilobolt da miliampa, wato ƙarfin haske da yawansa. Safa mai dalma duhu ce a wurinsa. Da ta shiga tsakiyar fili, na'ura ta ƙara wuta, majinyaci ya sha ƙari, duk ɗakin ya sha ƙari, ragin da safar ta yi wa hannu kuma ya tafi a banza. Ga shi tana rage jin yatsa, aiki ya ƙara tsawo. Mafi muni, tana sa zuciya ta kwanta, mutum ya tura hannu inda da ba zai tura ba. Wanda hannunsa ke daɗewa kusa da fili, kamar mai saka bututu a ƙoda ko a hanyar matsarmama, zai amfana da ita, da sharaɗin ya ɗauka bai sa komai ba. Idan kuɗin sashe bai isa duka ba, hantsaki masu tsawo da zoben awon hasken da yatsa ya sha sun fi cancantar a fara saye.

Sauran ayyuka

A hoton mahaifa da bututunta, wanda ake yi wa mata masu neman haihuwa, hannun mai tura ruwan hoto, ruwan da ke sa gaɓar ta fito a allo, yana dab da fili, kuma teburin da ake sarrafawa daga bayan gilashi tub ɗinsa a sama yake. A haɗa sirinji da bututun ƙari mai tsawo, a tura daga wajen gwiwa. Wannan bututu mai araha yana aiki a duk inda ake tura ruwan hoto. Huda ƙoda, zuƙe ƙurji a hanta, neman jijiya, duk inda eko, na'urar duba cikin jiki da sauti, zai nuna hanya a fara da shi, don ba ya fitar da irin wannan haske. Amfili ya zo daga baya don tabbatarwa. Idan da sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton jiki yanki-yanki da hasken radiyo, ake saita allura, a tura, a saki, a koma bayan gilashi, a ɗauka, a dawo. Yaro kuma a naɗe shi, a tokare da buhun yashi. Idan sai an riƙe, ɗan'uwansa ya riƙe da riga da safa mai kauri, ban da mai juna biyu. Shi sau ɗaya zai yi, ma'aikaci kuwa kullum ne.

Zoben awo

Dozimeta, 'yar na'urar awon hasken da ma'aikaci ya sha, da ke ƙirji ƙarƙashin rigar dalma ba ta san abin da ya sami yatsa ba. Tana iya nuna kusan sifili wata bayan wata alhali hannu yana dab da iyaka. Ta wuyan hannu ma takan nuna ƙasa da gaskiya, don haske yana raguwa da sauri daga kan yatsa zuwa wuya. Abin da ake bukata zobe ne na roba mai ɗan ƙwayar awo a ciki.

A sa shi a hannun da ya fi kusa da haske. Ga mai aiki da dama, sau da yawa hagu ne, don shi ke riƙewa yana tokarewa. Ƙwayar ta fuskanci tub: idan tub yana ƙasa kuma tafi yana kallon ƙasa, ƙwayar ta koma wajen tafi. Yana shiga ƙarƙashin safar fiɗa, bayan an tsabtace shi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai sanyi bisa umarnin masu shi. Kada a sa shi a tukunyar turara kayan aiki. Da zafi ake karanta ƙwayar, zafi kuma yana goge abin da ta tara. Saboda wannan dalili ba a barin sa cikin mota ko akwatin babur a ranar watan Afrilu. Kowane zobe da sunan mai shi, ba a ara. Bayan aiki a rataye shi wajen ɗakin haske tare da zoben shaida, wanda ba a sawa, wanda da shi ake cire hasken yanayi da na hanya daga lissafi. A canza kowane wata.

Sakamako idan ya dawo a karanta shi, a nuna wa mai shi. Idan hannu ya kai mSv 15 a wata, a zauna a bincika: wane aiki, wace na'ura, tub yana sama ko ƙasa. A tuna kuma kan yatsa yana iya shan fiye da abin da gindinsa ya nuna. Hukumar ARSN da ke Yamai ita ce mai sa ido kan na'urori masu fitar da irin wannan haske a Nijar, ita ce ƙofar da shugaban sashe zai ƙwanƙwasa kan maganar awon ma'aikata. A ƙasar da ta daɗe da sanin dozimeta ta dalilin ma'adinan Arlit, bai kamata yatsan likita ya zauna babu awo ba.

Kafin zobe ya samu, akwai abin yi. A buɗe littafi: kwanan wata, irin aiki, sunan mai aiki, mintocin haske, yawan hotuna. A ƙarshen mako a buɗe hotunan da na'ura ta ajiye, a ƙirga nawa ne ke da yatsun ma'aikaci. Wannan ƙidaya kyauta ce, kuma tana nuna wanda ke bukatar gyaran hannu.

Na'urar ma a gwada ta, musamman wadda aka sayo ta hannu. Ƙyamare yana iya gocewa, haske ya zarce abin da allo ke nunawa, hannun da ake zaton yana waje ashe yana ciki. A manna kaset ɗin ɗaukar hoton ƙashi da ya fi ganga faɗi a fuskarta, a liƙa kwabbai huɗu na dala ashirin a kansa daidai bakin da'irar da ake gani a allo, kowa ya ja baya, a haska kaɗan, a wanke ko a karanta. Idan baƙin ya wuce kwabban da yawa, na'ura tana bukatar mai gyara kafin a ci gaba.

Abin da za a duba a fata

Shan haske mai yawa a lokaci ɗaya yana da alamunsa: kusan gire 2, wato mGy 2000, yana kawo jan fata na ɗan lokaci, kusan 3 yana zubar da gashi. Wannan ya fi samun majinyaci a dogon aiki. Na ma'aikaci a hankali yake zuwa, cikin shekaru. Gashin bayan yatsu ya ɓace. Fata ta bushe, ta yi sulɓi da ƙyalli, zanen yatsa ya dushe. Farce ya yi layi-layi a tsaye, yana tsagewa. Daga baya ƙananan ƙulli masu tauri su fito, sai gyambon da ba ya warkewa, wanda kan iya zama sankarar fata.

Jan fata da littattafai ke bayyanawa yana da wuyar gani a baƙar fata. A nan abin lura shi ne wurin da ya ƙara duhu ko ya yi fari-fari. Hunturu da yawan wankin hannu da betadin su ma suna busar da fata su tsaga ta, amma su hannu biyu suke kamawa daidai, su lafa da man shafawa idan damina ta sauka. Na haske yakan fi tsanani a hannu ɗaya, a yatsun da ke riƙewa, kuma ba ya bin yanayi. A ɗauki hoton bayan hannu da tafi da waya kowane wata shida, a wuri ɗaya da haske ɗaya, a ajiye don kwatantawa. Ƙulli mai tauri kada a yanke shi da reza ko a ƙona shi. Ciwon yatsa da ya wuce wata bai rufe ba a kai wa likitan fata, a gaya masa shekarun da aka yi ana aiki da amfili da hannun da ke riƙewa, a ɗauki ɗan yanki a auna, mai shi kuma ya koma aikin da ba na haske ba har sakamako ya fito.